Yadda Za Ka Hana Surukinka Kauce wa Kududdufi Ba Tare da Ka Buɗe Baki Ba

Ɗan'uwa, in kana da jif, kana da suruki, kuma Allah ya jarabce ka su biyun suka haɗu a daji ɗaya, to gyara zama, maganinka ya zo. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, surukinka zai daina murƙushe ciyawar mutane da motarsa, zai riƙa bin hanya kamar kowa, kuma har a gama ba za ka taɓa duban idonsa ka ce masa ya yi kuskure ba. An gwada wannan dabara a kan mutum mai rai, Hambali, ma'aikacin jinya da ke zaune a Mount Hope cikin Bronx. Yana nan lafiya lau, in ban da ciwon baya.

Ni ne sakataren ƙungiyar da abin ya faru a cikinta, saboda haka ba labari aka ba ni ba.

Mataki na 1: Karɓi sarautar da kowa ya tsallake

Ka san a cikin birnin New York babu inda mai jif zai sake ya ji daɗin motarsa. Ramukan titin unguwarku ba sa cikin lissafi. Shi ya sa ƙungiyarmu, Taya Huɗu, motoci goma sha ɗaya na Kanawa da mutanen Nijar da 'yan zangon Ghana, muke tashi bayan sallar asuba duk Asabar ta biyu, mu yi tafiyar awa uku arewa zuwa gonar wata tsohuwa, Misis Kessler, wadda muke kira Mai Gona. Bayan gonarta akwai daji, cikin dajin akwai tsohuwar hanyar masu yankan katako. Ita ta ba mu makullin ƙofar hanyar, ba ta karɓi ko sisi ba, sai dai ta gindaya sharuɗɗa.

Kowa ya kwashe shararsa. Wanda zai ɗaura igiyar jan mota a jikin bishiya ya sa mata ɗamara mai faɗi, kada ya yanke ɓawonta. Ba a tsallaka rafi sai a mashigi. Tokar gawayin shayi a gwangwani take komawa Bronx. Babban sharaɗin kuwa shi ne taya ba ta fita daga hanya, ko da kamu ɗaya. In ka tarar da ruwa kwance a hanya, tsakiyarsa za ka bi. Domin in ka kauce ka taka gefe, gefen zai zama taɓo, na bayanka ya kauce wa taɓon ya taka gaba, kafin damina ta fita hanyar mota ɗaya ta zama filin ƙwallo, fadamar da ke gefe kuma ta mutu.

Mai Gona ba ta da yawan magana. Ta ce duk ranar da ta ga sawun taya a wajen hanya za ta ɗora dutse a kan ginshiƙin ƙofa. Dutse na uku, makulli ya dawo hannunta.

To, dole a sami mai riƙe makullin, wanda zai riƙa tafiya a bayan kowa yana duba ɓarna. Mun raɗa wa muƙamin suna Sarkin Sawu. Ranar zaɓe a garejin Gariba, bakaniken ƙungiyar, ɗan zangon Kumasi, da aka zo kan muƙamin sai kowa ya tuna yana da saƙo a waya. Hambali ya fita alwala. Kafin ya dawo an naɗa shi, har an shafa fatiha.

Kai ma haka za ka yi. In ka dawo ka tarar ana yi maka murmushi, ka ce "Allah ya taya mu riƙo," ka rataya makullin a wuya. Masana sun tabbatar cewa sarautar da aka ba mutum yana wurin alwala ba ta taɓa zuwa da alheri ba, amma tsayawa bincike ba naka ba ne.

Mataki na 2: Gayyato matsalarka da bakinka

Kada ka jira fitina ta neme ka, wannan aikin ragwaye ne. Je ka same ta har shago.

Surukin Hambali, Malam Habibou, mutumin Tawa ne ta Nijar, yana da shagon turare da atamfa a titi na 116 a Harlem. Kafin ya zo Amirka ya yi shekara ashirin da biyu yana tuƙa mota a hamada, daga Agadas zuwa Bilma. Tun da ya zo kuwa, in ban da motar ɗauko kaya daga New Jersey babu abin da ya tuƙa, sai wata tsohuwar jif fara mai siraran tayoyi da ya saya yana wankewa duk Lahadi, ba ya zuwa ko'ina da ita.

Wata Juma'a Hambali ya je gaishe shi. Ya durƙusa a bakin kanta, ido a ƙasa, aka yi gaisuwa mai tsawo, sai shiru ya biyo baya. Shirun ne ya yi masa nauyi, ya rasa abin cewa, bakinsa ya suɓuce.

"Baba, gobe ma za mu daji da motoci."

Tsohon bai dube shi ba, domin shi ma ba ya duban mijin 'yarsa ta fari. Kwalbar turaren da ke gabansa ya tambaya.

"Daji? Akwai daji ƙasar ga?"

Washegari kafin kowa ya iso, farar jif tana bakin garejin Gariba. Malam Habibou na zaune a ciki da rawani, da butar shayi, da jarkar ruwa huɗu, wai ko a ɓata.

Mataki na 3: Ka ga komai, ka zama makaho

A tsakiyar hanyar akwai wani kududdufi, faɗinsa bai wuce na mota ɗaya da rabi ba, ruwansa jajir da laka. Ƙasansa dutse ne, duk mun sani, ko rabin taya ba ya shanyewa. A hannun dama fadama ce mai laushi, kore shar, cike da kwaɗi da talibambam.

Motoci tara suka bi tsakiya, ruwa na fallatsa, ana ihu. Ta goma ita ce farar jif. Ta iso bakin ruwan ta tsaya, kamar jakin da ya ga gada. Sai ta karkata dama a hankali, cikin ƙwarewa, ta zagaya ta cikin fadamar, ta koma hanya a ɗaya gefen ko ɗigon laka babu a jikinta. Ta bar layi biyu sirara a cikin ciyawa.

Hambali yana bayanta, yana kallo, da na'urar oba-oba a hannunsa. Ya danna. Ya buɗe baki. Ya saki.

A saman tudu, inda muke tsayawa shan shayi, Malam Habibou ya yi wa matasa darasi kyauta.

"Bon, ku ji in hwaɗa muku. Ruwan da ba ka ga ƙasanshi ba, ba a shiga shi da mota. Kuma direba ba ya bin sawun wani, don inda aka taka ya riga ya yi laushi. Wanga shi na ilimin hwarko."

A hamada, gaskiya ya faɗa, da wannan ilimin ya kai mutane gida shekara ashirin da biyu. Aka ce "Haka ne, Baba." Hambali ma ya ce haka ne, har da gyaɗa kai. Kai ma ka gyaɗa naka.

Da muka dawo bayan mako biyu, dutse ɗaya yana zaune a kan ginshiƙi.

Mataki na 4: Yi wa bishiya wa'azi

Yanzu lokacin hannunka-mai-sanda ne. Tara jama'a a bakin ƙofa kafin a shiga. Zaɓi bishiya guda, ka kafa mata ido, ka yi mata magana. Kalmomin aikinka su ne "wasu daga cikinmu" da "ba da kowa nake ba".

Hambali ya yi minti goma sha biyar yana bayani a kan saiwar ciyawa da yadda ruwa ke bin sawun taya yana cin ƙasa. Ya nuna dutsen. Ya ce wasu daga cikinmu suna barin hanya. Babu wanda ya kai Malam Habibou sauraro.

"Gaskiya na," in ji shi da aka gama. "Yaran yanzu ba su da ladabin hanya."

Ya juya ya harari Kadri, direban tasi, wanda laifinsa a duniya bai wuce takardar kilishi da iska ta taɓa fizge masa ba. Kadri ya ba da haƙuri.

An ce kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Abin da ba a faɗa ba shi ne wanda ake yi da shi ba lallai ya sani ba. A wurin Malam Habibou bai taɓa barin hanya ba, domin hanya a saninsa ita ce duk inda ƙasa ta yarda ta ɗauki mota.

In wa'azi ya ƙi ci, koma ga rubutu. Hambali ya buga dokokin da Hausa da Faransanci, manyan baƙaƙe, ya maƙala a gilashin kowace mota don kada a ce da wani yake. Takarda ce mai kauri, mai kyau. Malam Habibou ya yaba da ita ƙwarai, ya ce bai taɓa samun abin fifita gawayi kamarta ba.

Ranar Allah ya taimaka, an yi kwanaki babu ruwa, kududdufin ya ƙafe, kowa ya bi tsakiya. Hambali ya koma gida yana cewa wa'azi ya yi aiki.

Mataki na 5: Nemi ɗan aike

Mai hankali ba ya faɗa wa surukinsa abin da wani zai iya faɗa masa. Fara daga gida.

Hambali ya sami matarsa Zinariya tana shirin fita aiki, ya zayyana mata komai.

"Ni?" ta ce. "Abban Firdausi, ni 'yar fari ce fa. Shekarata talatin da ɗaya Baba bai taɓa kiran sunana ba, har gobe 'yarinyar ga' nake. Ni zan je in koya masa tuƙi? Kai ne Sarki, handle it, ka san yadda za ka yi." Ta kai bakin ƙofa ta juyo. "Amma don Allah kada ku hana shi zuwa. Tun rasuwar Inna ban ji yana dariya a waya ba sai yanzu."

Ka lura, ka je neman sauƙi an ƙara maka kaya. Haka ake so.

Sai ka koma wajen aboki mai baki. Gariba ya bugi ƙirji.

"Cale, abokina, bar shi a hannuna. Ni da tsoho mun saba sosai paa. Minti biyar ya isa."

Ya tafi shagon titi na 116 da azahar. Bai fito ba sai bayan la'asar, da kwalbar turare a aljihu da shayi kofi uku a ciki. An ba shi labarin wata babbar mota da ta shiga ruwa a kusa da wata rijiya, wadda har yau ba a ga ko madubinta ba.

"Ka faɗa masa?" Hambali ya tambaya.

"Na kusa. Amma Sarki, tsohon nan ya san mota. Wannan ruwa, ni ma yanzu ban yarda da shi ba kwraa, ko kaɗan."

Asabar ta gaba ruwa ya dawo cikin kududdufin. Farar jif ta karkata dama. Motar Gariba ta bi bayanta.

Duwatsu suka zama biyu. Saura ɗaya, kuma motoci goma sha ɗaya ba su da wani dajin.

Mataki na 6: Sayi manjagara

Tun da an kasa gyara mai sawu, sai a gyara sawun. Sayi manjagara mai ƙarfi da ɗan shebur, ka ɓoye su a ƙarƙashin tabarmar salla a bayan mota. Ka ja Gariba gefe ka rantse masa in ya sake bin fadama za ka kai motarka wani garejin. Shi abokinka ne, da shi kana da baki.

Sarkin Sawu shi ne na ƙarshe a jeri, wannan ita ce kaɗai ni'imar muƙamin. Da zarar motoci sun haura tudu, sai Hambali ya sauko, ya naɗe ƙafar wando, ya shiga fadama. Ya cike sawun, ya baje ƙasa, ya ɗaga ciyawar da ta kwanta da yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ya watsa busassun ganye a kai. Minti arba'in, wani lokacin awa guda, sauro na cin rabonsa. Ya san ba gyara yake yi ba, ciyawar da aka take sau uku ba ta tashi don an tallafe ta da yatsa. Ido kawai yake rufewa.

Yana yi yana ƙunƙuni. Mutum da digirinsa, wanda likitoci ke tambayar ra'ayinsa, ga shi yana yi wa kwaɗi shara. Sai ya jiyo dariyar tsohon daga saman tudu, irin dariyar da ke ƙarewa da tari, sai haushin ya tafi. Gaskiyar magana ita ce yana ƙaunar tsohon nan, kuma ya gwammace bayansa ya karye da ya ga an kunyata shi a gaban yaran da ya yi jika da su.

Za a tambaye ka abin da ke tsayar da kai kullum. Dafa ciki, ka yamutsa fuska, kada ka ce komai. Hambali ya yi haka Asabar uku. A mako na gaba Zinariya ta dawo daga Harlem da ƙullin garin magani.

"Baba ya ce a ba mai gidan nan. Wai a dama da nono, safe da yamma."

Ka sha. Yana da ɗaci, amma maganin suruki ba a zubar da shi.

Mataki na 7: In asiri zai tonu, sa shi ya tonu a kanka

Rana dubu ta ɓarawo. Wata Juma'a a watan Yuli aka wuni ana ruwa. Dokar ƙungiya ta ce in ƙasa ta jiƙe haka ba a shiga, kuma Sarkin Sawu ne ke da ikon sokewa. Washegari Hambali ya iso gareji da niyyar sokewa, ya tarar da farar jif an wanke ta tana ƙyalli, an cika jarkoki. Ya ce a tafi a gani.

Kududdufin ya cika ya batse. Farar jif ta karkata dama kamar kullum, amma yau fadamar ta yi laushi kamar kunu. Tayoyin suka nutse, suka yi ta juyawa suna watsa ciyawa da saiwarta, kafin da ƙyar motar ta fita. Ta bar kwari biyu masu zurfin gwiwa.

Motoci suka haura. Hambali ya sauko da manjagara ya tsaya yana kallo. Wannan ko tarakta sai ta yi da gaske. Can daga wajen gona ya jiyo haushin karen Mai Gona yana matsowa.

Ga abin da za ka yi, kuma ka yi shi da sauri kafin hankalinka ya dawo. Shiga motarka mai faffaɗan tayoyi, ka saita ta a kan sawun tsohon, ka bi ta kai daga farko har ƙarshe. Sawun giwa ya taka na raƙumi. Makulli dai ya tafi, amma aƙalla ba da sunan Baba ba.

Mai Gona ta iso da takalman roba har gwiwa, kare na gabanta. Ta daɗe tana duban fadamar. Ta ce a kira kowa. Muka gangaro, kofunan shayi a hannu, muka yi cirko-cirko.

"Wane ne?" ta tambaya da Turanci.

"Ni ne," in ji Hambali. Laka tana ɗiga daga motarsa, babu mai musu.

"Kai?" ta ce. "Kai da na ba makulli?"

Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ya cire igiyar daga wuyansa ya miƙa mata. Kadri ya yi tsaki. Wani daga baya ya ce ashe mai dokar barci ne ya ɓige da gyangyaɗi. Hambali ya sunkuyar da kai ya shanye.

Mataki na 8: Yi shiru, bar tsoho ya karanta ƙasa

Wannan matakin ba kai ke yin sa ba. Abin da ya rage maka kawai shi ne ka manta, kamar yadda Hambali ya manta, cewa mutumin da ya yi shekara ashirin da biyu a hamada karatun sawu ne abincinsa.

Malam Habibou ya tambayi Gariba abin da ake ciki, aka fassara masa, har da zancen duwatsu, wanda sai yau ya san na mene ne. Ya ajiye kofinsa a kan mota. Ya tattare riga ya shiga fadamar ya tsuguna. Ya auna faɗin sawun da taƙi. Ya bi shi a hankali har inda ya yi kwana, inda motar Hambali, da yake ta fi tsawo, ta buɗe kaɗan, siririn sawu ya leƙo daga ƙarƙashin faffaɗan. Ya sa yatsu huɗu a ciki, suka cika shi daidai.

Bai tashi ba. Ya matsa gefe, ya share busassun ganye da tafin hannu. Ga layukan haƙoran manjagara, na zuwan baya a kan na wanda ya gabace shi. Ga sawun takalmi, dugadugin hagu ya ci ta waje. Ya ɗago kai ya dubi takalman Hambali. Fuskarsa bai duba ba.

"Gariba," ya ce, "hwaɗa ma matar ga, sawun ƙasa nawa na. Na bisa, na wani mai kunya na."

Gariba ya fassara.

"Hwaɗa mata kuma. Can inda na koyi mota, duk inda ka taka, kahin gari ya waye iska ta share. Ban taɓa sanin ƙasa na riƙe sawu ta yi ciwo da shi ba. Nan ma kullum in na dawo sai in ga an share, ban sauka na duba ba, na ce iskar Amirka ta." Ya miƙe da ƙyar, yana dafa gwiwa. "Ashe ba iska ba ta. Mijin yarinyar ga na."

Gariba ya fassara, ya ƙarasa da ƙarin da ba a sa shi ba, cewa dutse na biyu da hannunsa a ciki. Hambali kuwa ya sami wata bishiya ya kafa mata ido, domin idon nasa ya cika.

Mai Gona ta dubi tsohon, ta dubi manjagarar da ke jingine a jikin mota. Ta sa makullin a aljihu, domin doka doka ce. Sannan ta sunkuya ta ɗauki dutse, amma ba ta nufi ginshiƙi da shi ba. Ta damƙa wa Malam Habibou a hannu. Ta ce mota ba za ta sake shiga ba sai ciyawar nan ta tashi, amma mai son shiga da ƙafa da kayan aiki, ƙofar mutane a buɗe take.

Mataki na 9: Bi tsakiya

Asabar bakwai muka yi muna ajiye motocin da muka kashe wa dukiya a bakin ƙofa, muna takawa da ƙafa kamar masu zuwa gayya. Muka cike kwarin, muka watsa irin ciyawar da Mai Gona ta ba mu, muka rufe da tattaka, muka jawo gumagumai muka toshe bakin zagayen daga gefe biyu. Malam Habibou ya zo da tasa manjagarar, sabuwa fil, kuma ya fi kowa faɗa. Wanda ya taka inda aka shuka sai ya ji tarihin kakanninsa. Shi da Hambali suna aiki kafaɗa da kafaɗa, in ɗaya yana son shebur sai ya ce wa Kadri ya miƙo masa shebur ɗin da ke hannun ɗayan.

A watan Oktoba, ganye ya yi ja, Mai Gona ta zagaya fadamar sau biyu, ta ciro makulli ta mayar wa Hambali. Ta nemi dutsenta. Malam Habibou ya ce a faɗa mata kyauta ba ta komawa. Yana nan a gaban sitiyarin farar jif har yau.

Ranar muka shiga da motoci. Tara suka bi ruwa suka wuce. Ta goma ta iso bakin kududdufin ta tsaya. Ta daɗe a tsaye. Sai oba-oba ta yi ƙara, kuma ka sani dukkan na'urorinmu a layi ɗaya suke, kowa yana jin kowa.

"Gariba. Tambayi Sarkin Sawu, tsakiya ya ce?"

Hambali ya danna tasa.

"Gariba, ce wa Baba tsakiya. Ƙasan dutse ne. Ce masa ina bayansa."

Gariba bai sha wahalar isar da saƙon ba, tsoho ya riga ya ji. Aka ji bisimilla a cikin na'ura, farar jif ta sa kai cikin ruwan da ba ta ga ƙasansa ba, laka ta wanke ta har gilashi, ta fita a ɗaya gefen. Dariyar nan mai ƙarewa da tari ta cika motoci goma sha ɗaya.

Kafin ka gwada

Kamar yadda ka gani, alkawari ya cika: suruki ya bi tsakiya, kuma har yau Hambali bai ce masa ya yi kuskure ba. Sai dai ni da ƙungiyar Taya Huɗu ba mu da alhakin duk abin da ya same ka a hanya, ko asarar rabin shekarar hawa, ko ciwon baya, ko cizon sauro, ko garin maganin da za ka sha alhali cikinka lafiya. Ba ruwanmu in mai gonarku ba ta da haƙurin tamu. Ba ruwanmu da kwaɗin da suka rasa muhalli saboda kunyarka, su ma suna da hakki a kanka, kuma kai za su tsare ranar hisabi. Wanda ya ce ai da tun ranar farko an durƙusa an faɗa wa tsohon cikin ladabi da duk ba a yi wannan ba, muna sanar da shi cewa mun ji, kuma mun tabbata bai yi aure ba.

In kuwa surukinka bai iya karanta ƙasa ba, to ka sayi manjagara biyu, ɗaya ba za ta kai ka ba.